Dogon Yinin Yuni da Masu Aikin Gilashi

Yau za mu juya ga tarihi, mu bi labarin wata rana guda cikin shekara da wata sana'a guda, gama su biyun sun taɓa haɗuwa a hannun ikkilisiya, labarin kuwa ya shafe mu fiye da yadda muke zato.

Ranar ita ce 21 ga watan Yuni, wata shekara kuwa 20. A Tambuwal, wajen kilomita 100 daga Sakkwato a kan hanyar Jega, takan zo ta wuce ba wanda ya buga mata ganga. Haka a Dogon Daji da Sanyinna, haka a Kebbe da Kuchi. Kowa yana gona. Wanda ya sami ruwan shuka da wuri ya shiga noman fari, wanda ya yi binne yana ta duban gabas ko hadari zai taso. Amma wannan yini ya fi kowane yini tsawo a shekara. A Tambuwal, daga fitowar rana zuwa faɗuwarta awa 12 ne da minti 50, ko kusa da haka. Ran 21 ga Disamba kuwa awa 11 ne da minti 20 da 'yan kai. Bambancin bai wuce awa ɗaya da rabi ba, shi ya sa ba mu cika lura ba.

Wanda yake so ya gani da idonsa, sai ya kafa sanda mai tsawon mita 2 a fili, a miƙe. Da tsakar rana cikin Disamba inuwarta tana kwance wajen arewa, kusan mita ɗaya da rabi. Daga nan tana ta gajarta, har wajen 23 ga Afrilu ta shige gindin sandar, domin rana tana bisa tsakar ka. Sa'an nan sai ta ɓullo ta kudu. Ran 21 ga Yuni ta kai iyakarta, kamar taƙi biyu, ta yi 'yan kwanaki kamar ta tsaya cik, kāna ta soma komawa. Wajen 20 ga Agusta ta sake ɓacewa. Dalili shi ne duniya a karkace take kewaya rana, wata shida tana miƙa mata arewacinta, wata shida kudancinta. Mata masu shanya a tsakar gida sun daɗe da sanin abin ba tare da kalanda ba, gama gefen ɗakin da ke da inuwa da ɗari, ba shi ke da ita da farkon damina ba.

Lissafin da manomin ƙasar Sakkwato ya riƙe na taurari ne, wanda malamai suka samo daga Larabawa. An raba shekara gida 28, kowane tauraro kwana 13, guda ɗaya yana da 14, ga 365 ke nan. Idan ka ji tsoho yana maganar Nasara, ko Ɗarfa, ko Jabha, ruwa yake lissafi. Akwai kuma Kaza Mai 'Ya'ya, wadda takan ɓace da bazara, ta sake bayyana a gabas da asuba cikin watan Yuni. Tsawon yini bai dame mu ba. Abin da ke raya mu ko ya kashe mu shi ne ruwan sama.

Domin haka bukukuwan wannan yanki ruwa da amfanin gona suke bi. Kabawa suna da gyaran ruwa da fashin ruwa tun kafin a san bikin su na Argungu, wanda ya ɗauki kamanninsa na yanzu a 1934, sa'ad da Sarkin Musulmi Hasan ɗan Mu'azu ya ziyarci Sarkin Kabi Muhammadu Sama. A ƙasar Tambuwal kanta an san su na Romo. Can kudu, mutanen Zuru suna yin Uhola bayan an kai hatsi gida. A nan ne fa tambaya take tasowa wadda ta raba kan gidaje da yawa na masu bi. Idan ganga ta tashi, dangi suka taru, mai bi ya je ko ya zauna? In ya je, ina zai tsaya? Matasa suna tambayar fastoci, fastoci suna tambayar juna. Ikkilisiya ta riga ta sha wannan tambaya a wasu ƙasashe, shekara fiye da 1,500 da suka wuce, a kan wannan dogon yini na Yuni kuwa ta sha ta.

Mu tuna cewa in mutum ya yi ta tafiya arewa, bambancin yini da dare yana ta ƙaruwa. A Stockholm, babban birnin Suwidin, yinin Yuni awa 18 ne da rabi, na Disamba kuwa wajen awa 6. Gaba da nan akwai inda rana ba ta faɗuwa ko kaɗan na makonni. Mutumin da ya yi wata da watanni cikin duhu da ƙanƙara, in haske ya dawo haka, ba sai an ce masa ya yi murna ba. Yana kuma da tsoro a zuci, domin ya san daga wannan rana haske zai soma raguwa. Sai al'adu suka taru a kan daren. Ana hura manyan wuta a kan tuddai da bakin tafki, samari suna tsallake ta, ana bi da dabbobi ta cikin hayaƙin wai don kada su yi ciwo. A Suwidin ana kafa dogon itace a yi masa ado da ganye a kewaye shi da rawa, budurwa kuma ta tsinko furanni iri bakwai ta sa a ƙarƙashin matashin kai, wai za ta yi mafarkin mijin da za ta aura. A Latbiya maza suna sa rawanin ganyen itace, ana kwana ba barci har rana ta fito. Suna da tatsuniyar wani tsiro na kurmi wanda ba ya fure, wai a wannan dare kaɗai yakan yi, wanda ya same shi ya sami arziki. Samari da 'yan mata sukan shiga daji nemansa, iyaye kuwa sun san abin da ake nema. Har a Maroko, a nan nahiyarmu, manoma sun daɗe suna hura wutar Ansara a wannan lokaci, su bi da hayaƙinta cikin gonakin itatuwa.

To, yaya ikkilisiya ta shigo ciki? Ta hanyar lissafin wata shida. Bisharar Luka, sura ta fari, ta nuna mana cewa Alisabatu tana da cikin Yohanna wata shida sa'ad da mala'ika ya zo wurin Maryamu. Littafi Mai Tsarki bai ba mu ranar haihuwar ko ɗayansu ba. Amma a Roma an riga ana kiyaye 25 ga Disamba domin haihuwar Almasihu tun shekara ta 336. Da aka ja baya wata shida, sai haihuwar Yohanna Mai Baftisma ta faɗo a ƙarshen Yuni. Mai tambaya zai ce, don me 24, ba 25 ba? Romawa baya-baya suke ƙirga kwanan wata, daga ranar ɗaya ga watan da ke zuwa. Kirsimati ita ce rana ta takwas kafin ɗaya ga Janairu bisa ga ƙirgarsu, ta Yohanna kuma ta takwas kafin ɗaya ga Yuli, Yuni kuwa kwana 30 ne da shi. A shekara ta 506, taron shugabannin ikkilisiya a Agde, kudancin Faransa, ya lissafta wannan rana cikin manyan idodi.

Agustin, bishof na Hippo, wato Annaba ta ƙasar Aljeriya a yau, wanda ya rasu a 430, ya ga wa'azi a cikin lissafin nan. Ya tuna wa jama'arsa yadda Yohanna ya shaida wa almajiransa cewa nasa rabon raguwa ne, ɗaukaka kuwa ta Mai Zuwa ce. Sai ya nuna musu sararin sama: an haifi Yohanna lokacin da yini ke soma gajarta, an haifi Almasihu lokacin da yake soma tsawo. Wa'azi ne mai daɗi, amma jama'a ba su bar abin da suka saba ba. Agustin ɗin nan ya yi kuka a wani wa'azi cewa masu bi suna zuwa bakin teku a ranar Yohanna suna wanka irin na masu tsafi. A wani kuma ya yi faɗa a kan wutar da aka hura a tituna daren jajibere, har hayaƙi ya turnuƙe gari. Bayan shekara 200 da wani abu, Eligiyus, maƙerin zinariya wanda ya zama bishof na Noyon a Faransa, yana nan yana hana mutanensa rawa da tsalle-tsalle da waƙoƙin dā a ranar Yohanna. Duk wanda ya taɓa zama cikin majalisar dattawan ikkilisiya a ƙauye zai gane muryar nan.

Hani bai kashe wutar ba. Abin da ya faru a hankali shi ne, ta sāke suna, ta sāke ma'ana. Ta zama wutar Yohanna, firistoci suka riƙa sa mata albarka, suna koya wa mutane cewa Yohanna fitila ne wanda ya nuna hanya zuwa ga Haske. A Paris sarki da kansa yakan sa wa itacen wuta, har zuwa Louis na 14 a 1648. Yau mutanen Finlan suna kiran bikin Juhannus, na Latbiya suna ce masa Jani, duka sunan Yohanna ne, ko da yake da yawa cikin masu rawar ba su tuna da shi ba. Kada mu yi wa tarihi kwaskwarima. Camfi da yawa ya laɓe a bayan sabon sunan, shaye-shaye ma bai ragu ba. Amma yanka ga gumaka ya mutu, taruwar dangi da murnar haske suka rayu. A ganinmu shugabannin da suka zauna suka rarrabe tsakanin waɗannan biyu sun fi waɗanda suka yi ta tsawa cin nasara.

Akwai wani wuri inda ranar Yohanna ta bar alama wadda ba ta da hayaƙi. A garin Chartres, kudu maso yamma da Paris, akwai babbar majami'a. A ɓangarenta na kudu, cikin daɓen dutse, an kafa wata 'yar ƙusa a kan wani falalen dutse da aka shimfiɗa a karkace. Bisa, cikin wata taga mai launi, an bar ɗan gurbi inda haske ke wucewa fari tas. A 1701 ne wani firist mai suna Claude Estienne ya shirya wannan. Kowace shekara, ran 24 ga Yuni da tsakar rana, ɗigon haske yakan sauko ta gurbin ya hau kan ƙusar. Amfaninta na fari shi ne gyara agogon majami'a, gama agogunan zamanin suna gudu ko su yi nawa, rana kuwa ba ta ƙarya. Har yanzu mutane suna taruwa su gani, suna kiranta ƙusar Yohanna.

Tagar da ke ɗauke da gurbin ɗaya ce cikin wajen 176. Gobara ta cinye tsohon ginin a 1194, aka sake shi, aka keɓe shi a 1260, yawancin tagogin kuwa an yi su tsakanin waɗannan shekaru. Yawancin masu sujada a lokacin ba su iya karatu ba, saboda haka taga ce littafinsu: ga Nuhu da jirgi, ga Yusufu da 'yan'uwansa, ga Basamariye mai kirki, ga ɗa mubazzari. A ƙasan tagogi da yawa an zana masu sana'a suna bakin aikinsu, mahauta, da dukawa, da masassaƙa, da masu gasa burodi, da 'yan ga-ruwa. A 1939, da yaƙi ya matso, aka kwance tagogin ɗaya-ɗaya aka ɓoye, shi ya sa suka tsira.

Da me aka yi su? Wani mai zaman zuhudu da ake kira Tiyofilus ya rubuta yadda ake yi wajen shekara ta 1120: toka kashi biyu, ta wani itacen kurminsu, yashi kashi ɗaya, a narka a tanderu. Jan ƙarfe yana ba da ja ko kore, wani ma'adini mai suna kobalt yana ba da shuɗi. A busa narkakken gilashi, a baje shi, a yanka gutsi-gutsi, a haɗa da darma. Ba su aika wata ƙasa neman yashi ko toka ba. Yashin rafinsu ne da tokar murhunsu.

Yanzu mu dawo gida, domin a waɗannan shekaru da ake narka shuɗin Chartres, ana narka shuɗin gilashi a ƙasar da ake kira Nijeriya yau. An daɗe ana cewa duk dutsen ado na gilashi da aka tono a Afirka ta Yamma baƙo ne, daga Masar ko Turai ya zo. Amma a wani kurmi da ake kira Igbo Olokun a Ile-Ife, wani masani ɗan ƙasa, Abidemi Babatunde Babalola, ya yi tono a 2011 da 2012, ya sami duwatsun ado fiye da 12,000, da fasassun tukwanen narki, da tarkacen aiki. An gwada su, aka ga haɗinsu bai yi kama da na kowace ƙasa ba, na duwatsun wurin ne. An yi aikin tsakanin ƙarni na 11 da na 15, da kobalt kuma aka rina shuɗin. An sami irin waɗannan duwatsu har a Gao, can bakin Kwara a ƙasar Mali.

Wanda ya fi kusa da mu shi ne na Bida. Tsofaffin mata a ƙasar Hausa sun san ƙarau, abin hannun nan na gilashi wanda amarya takan jera, in ta ɗaga hannu a ji ƙararsa. Sun san ɗan koli, da faifansa na allura da madubi da tsakiya da murjani. Cikin kayan faifan nan akwai waɗanda suka ƙetare hamada daga Venis ta Tarabulus zuwa Kano, kamar yadda Baturen nan Barth ya tarar a kasuwar Kano a 1851. Akwai kuma waɗanda Nufawa suka yi. A Bida akwai unguwa da ake kira Masaga, sunan masu sana'ar ke nan kuma. Su da bakinsu sun ce kakanninsu daga Masar suka taso, suka biyo ta Barno har suka sauka ƙasar Nufe. Sana'a ce ta gado, ba a koya wa bare.

Wanda ya shiga ɗakin aikinsu zai ga tanderun yumɓu a tsakiya, ana ba shi itace, yaro yana zuga. Maza suna zaune kewaye, kowa da sandar ƙarfe. Mai aiki ya ɗebo narkakken gilashi kamar ƙullun tuwo mai wuta, ya naɗa a kan ƙarfen yana juyawa. In dutsen wuya ne, ya daidaita shi, ya ɗiga masa wani launi, ya zare. In ƙarau ne, ya yi ta juya shi yana buɗa ramin da wani ƙarfe har ya kai faɗin hannu, duka kafin ya huce. Ba ma'auni, ba zubi, ido ne da hannu. Abin da ya fi ba masana mamaki shi ne, a dā Masaga ba su dogara ga gilashin kowa ba. Suna haɗa nasu daga yashi da kanwa, su bar shi cikin wuta kwana da kwanaki, ya fito baƙi wuluk mai sheƙi. Bikini suke kiransa da harshensu. Bajamushen nan Frobenius ya ga aikinsu a 1911, Nadel kuma, wanda ya zauna cikin Nufawa a shekarun 1930, ya bayyana ƙungiyarsu.

Me ya haɗa Bida da Tambuwal? Gwandu. Bayan jihadi, ƙasar Nufe ta faɗo a rabon Gwandu. Malam Dendo, wanda zuriyarsa ke sarautar Bida, daga ƙasar Kabi ya tafi. Da 'ya'yansa Usman Zaki da Masaba suka yi ta jayayya, Gwandu ce ke shiga tsakani, har Bida ta zama babban birni wajen 1857. Masaba, wanda ya yi sarauta daga 1859 zuwa 1873, ya tara masu sana'a a birnin, shi ne kuma sarkin da Bishof Samuel Ajayi Crowther ya riƙa kai wa ziyara. Kowace shekara gaisuwa tana tashi daga Bida zuwa Gwandu, fatake kuma suna hawa da sauka ta Yawuri da Jega, wadda take babbar kasuwa ce a kan hanyar goro ta Gwanja. Tambuwal, garin da Muhammadu Buhari ɗan Shehu ya zauna, tana nan kusa da Jega da Gwandu duka biyu. Ashe tanderun Masaga da ƙauyukan nan na kudancin Sakkwato ƙarƙashin inuwa ɗaya suka yi zamani.

Kwalba ce ta kashe bikini. Da kwalaben Turawa suka yawaita, aka ga ya fi sauƙi a farfasa a narka: kore da ruwan ƙasa daga kwalaben sha, shuɗi daga na magani, fari daga na man shafawa. Wa zai yi kwanaki yana ƙona itace a kan yashi? Kafin a farga, masu sanin haɗin dā sun kusa ƙarewa. Daga baya roba ta zo ta kwashe kasuwar ƙarau ɗin kansa, gama ba ta fashewa, ga araha. A 2019 dattawan Masaga suka sake gina tanderu irin na kakanninsu, suka gwada haɗa bikini a gaban masu bincike, domin kada sanin ya bi tsofaffi kabari. A 2021 hukumar UNESCO ta sa Bida cikin biranen duniya masu sana'ar hannu. Suna ya fita, amma suna ba ya cika tukunya in ba mai saye.

Mu fa, ina muka tsaya? Gilashin Turai ya hau taga, namu ya hau wuya da hannu. A wasu tashoshin mishan na farko an sa sababbin masu bi su tuɓe duwatsu da ƙarau tare da layu da guraye, ba a tsaya an rarrabe ado da tsafi ba. Haka aka yi da ganga. Muna girmama waɗanda suka kawo mana bishara, da yawansu kaburburansu suna ƙasar nan, amma a wannan sun yi saurin hukunci. Ganga ta dawo. Yau ba a taron zumuntar mata sai da tulu da kacau-kacau, ba wanda ya ce bangaskiyarsu ta ragu. Sujadar godiya ta kaka, inda ake jibge dammunan gero da dawa a gaban bagade, ita ma amsa ce ga tambayar Uhola, ko da ba a kira ta haka ba. An ajiye yanka da giyar tsafi, an riƙe godiya da taruwar dangi. Inda har yanzu muke da rauni shi ne farkon damina, lokacin da zuciyar manomi take rawa, iri yana ƙasa, rumbu ya kusa ƙarewa. Nan ne mutum yakan lallaɓa wurin boka da dare. Ikkilisiyar da ta keɓe Lahadi guda cikin Yuni domin addu'ar iri da ruwa, ta sa mutanenta su kawo fartanya da ƙwaryar iri cikin sujada, ta yi abin da magabatan Turai suka yi da wutarsu.

Wajen gini kuwa muna da misali mai kyau tun 1929, wato majami'ar Bartalamawas Mai Tsarki a Wusasa, wadda magina Hausawa suka gina da ƙasa, da bakan gizo irin na soron sarakuna. A Ikko, Yusuf Grillo, wanda ya yi karatun zane a Zariya, ya rasu a 2021, ya yi wa majami'u tagogin gilashi masu launi, har da ta All Saints a Yaba, shuɗinsa kuwa mai tuna wa mutum rinin baba ne. Amma yawancin majami'unmu na ƙauye, da na 'yan tsirarun masu bi da ke zaune a garuruwa kamar Tambuwal, kwano ne da bulo da tagar katako. In kuɗi ya samu, sai a sayo takardar roba mai launi a manna wa gilashi, bayan damina biyu ta kwaile. Alhali Masaga suna nan, wutarsu ba ta mutu ba. Wanda ya iya buɗa ƙarau zai iya yin faifan gilashi kamar tafin hannu, magini ya dasa shi cikin bango. Ko gindin kwalba, in an jera shi da hankali, yana zuba launi a daɓe.

Sai dai wanda zai kwaikwayi ƙusar Yohanna a nan, kada ya ɗauko awon Chartres. Can, rana ta tsaka kullum a kudu take, rani da damina, shi ya sa gurbin yake ɓangaren kudu. A Tambuwal da Kebbe, ran 21 ga Yuni rana tana arewa da tsakar ka da digiri 11. Bangon kudu yana cikin inuwa, ko an huda shi ba abin da zai shigo. Sai a rufi za a bar gurbin, a toshe shi da farin gilashi saboda ruwa. In tsayin rufin mita 4 ne, a saki igiya mai dutse daga gurbin zuwa ƙasa, a auna kusan santimita 80 zuwa kudu, nan ne wurin ƙusa. Kwana uku tsakanin 21 da 24 ba za su kawar da hasken daga kanta ba, gama a kwanakin nan rana kamar a tsaye take. Wata shekara kuwa hadari zai rufe sama tun hantsi, ƙusa ta yini ba haske, manoman da suka zo kallo su koma gida a jiƙe suna murna.